Yashin da ke cin fankar Kawu

A hutun ƙaramar Salla ta 2017 na koma gida Mai Wurno da damuwa guda a raina. An ba mu wata biyu kowa ya kawo batun da zai yi bincike a kai domin digiri na biyu a sashen injiniyan injuna, kuma batutuwa ukun da na tsinto daga mujallun ƙasashen waje babu wanda ya kwanta mini. Kashegarin Salla na raka Kawu gonarsa ta ayaba da ke bakin bahar. Bayan mun zagaya, sai ya shiga rumfar da injin ban-ruwansa yake, ya fito da wani ƙarfe ya ɗora mini a cinya.

"Bashmuhandis, ga aikinku. Bara war haka na saye ta sabuwa fil."

Fankar cikin famfo ce, wadda mu a nan muke kira marwaha, ita ce ke juyawa ta wurga ruwa sama. Bakin fikafikanta ya suɗe har ya koma kamar aska, ɗaya ma ya huje, da na ɗaga ta sai na hango hasken rana ta cikin ramin. Jikinta sumul yake yana ƙyalli, da wasu layuka masu lanƙwasa irin waɗanda iska ke zanawa a kan rairayi. Na daɗe ina shafa ta. Ƙarfen zubi ne, wanda in ya faɗo maka a ƙafa sai ka yi jinya, amma ruwa ya lashe shi cikin shekara guda.

Ga wanda bai san garinmu ba, Mai Wurno tana gaɓar yamma ta Shuɗin Nilu, kudu kaɗan da Sinnar. Kakanninmu Fulani da Hausawa sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno ne, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka yada zango a nan har ya zama gida. Har gobe za ka ji Hausa a kasuwarmu, sai dai ta sha Larabci: kogi bahar ne, famfo turumba, inji babur, man dizal kuma jaz. Shi bahar ɗin daga tafkin Tana yake fitowa, a tsaunukan Habasha. Da rani ruwansa a washe yake, amma da zarar damina ta sauka a can sai ya taho mana jawur, ɗauke da ƙasar gonakinsu. Lakar ta fi kauri a watan Yuli, tun kafin ruwan ya kai iyakar cikarsa a ƙarshen Agusta. Wannan laka arzikinmu ce, ita ke sabunta gonakin gaɓa, da ita ake buga jan bulo. Ita ce kuma ta cike fiye da rabin cikin madatsar Sinnar da aka gama a 1925, take toshe magudanan gandun Jazira har sai an bi su da yasa kowace shekara. Shi ya sa a lokacin cika ake buɗe ƙofofin Sinnar da na Rusairis, wadda aka gama a 1966, a bar jan ruwan ya wuce, sai ya fara washewa sannan a tare. Wahalar manomi irin Kawu ita ce jan ruwan yakan iso tun damina ba ta zauna a wajenmu ba, ayaba kuwa ba ta jiran hadari. Dole a tayar da babur a ja abin da aka samu.

Na naɗe fankar a buhu na kai wa malamina a Kartum. Dattijo ne mai ƙarancin magana, ya yi shekaru yana koyar da ilimin gogayya da suɗewar ƙarfe, wanda aka raɗa wa suna taraiboloji a rahoton da Peter Jost ya jagoranta a Ingila a 1966. Ya juya fankar sau biyu, ya sa farce ya bi layukan, sannan ya tambaye ni abin da nake so in gano. Na ce ina so in gano ƙarfen da ya fi dacewa a riƙa zuba fanka da shi. Ya ce to, amma ba zai sa hannu a takardata ba sai na amsa masa tambaya guda: me ke cikin ruwan?

"Laka, Dakta."

"Laka suna ne. Koma gida ka kawo mini ita, daga sama da tsakiya da ƙasa, kada ka haɗa su."

Haka na shafe Yuli da Agusta a cikin kwalekwalen wani masunci maƙwabcinmu. Na sami kwalba mai cin lita guda, na ɗaura mata guntun ƙarfe don ta nutse, na toshe bakinta da toshiya mai igiya. Igiyar saukarwa kuma na ƙulla mata ƙulli a kowane rabin mita. In kwalba ta kai zurfin da nake so sai in fizge toshiyar, in jira kumfa ta daina tasowa, in jawo. Duk bayan kwana biyu muke fita da sassafe, daidai inda tiyon Kawu yake shiga ruwa, in ɗebi na kusa da fuska, na tsakiya, da na dab da ƙasa. Bayan haka in tara jarka a bakin bututun da ke zuba a gona, in ɗebi abin da turumbar kanta ta sha. Lokacin cika bahar ba abin wasa ba ne. Yana tahowa da kututturai da gawar dabbobi, akwai ranar da masuncin ya dube shi ya ce yau kam ba za mu shiga ba, ban kuma yi masa musu ba.

Tsakar gidanmu ta cika da robobi da farantai. Sai ruwa ya kwana uku ya kwanta, in tsiyaye na sama a hankali, in shanya lakar. Inna ce ta zama mai gadinsu. Ta ba ni manyan farantanta na biki, tana korar kaji, in hadari ya taso ina bakin bahar ita ke kwashe su zuwa ɗaki. Kullum sai ta tambaya: "Ɗan nan, wannan ta ƙasa ce ko ta sama? Kada in haɗa maka su." Daga baya ta ƙirƙiro nata tsarin, ta ɗaura jan ƙyalle a farantan ƙasa, fari a na sama. Da wannan tsari na rubuta alamomin ledojina har na gama binciken.

A ɗakin gwaji aikin farko tacewa ne. Akwai rariya mai idanu ƙanana ƙwarai, faɗin kowace ƙofa maikuron 63, wato kashi 63 cikin dubu na milimita guda. Abin da ya tsaya a kanta shi ake kira yashi. Abin da ya wuce laka ce, har zuwa maikuron 2, ƙasa da haka kuma yumɓu. Busasshiyar laka ba ta tatuwa, don tana dunƙulewa, sai an jiƙa ta an wanke ta a kan rariyar har ruwan da ke fita ya yi fari. Wanda ya wuce kuma ana zuba shi a doguwar kwalba a girgiza, a riƙa auna kaurin ruwan da agogo a hannu, domin bisa ƙa'idar da George Stokes ya fitar a 1851 babban ƙwaro ya fi saurin nutsewa, kuma daga saurin ake lissafa girmansa. Awo na ƙarshe sai bayan awa 24. Abin da ya fito ya ba ni mamaki: kusan duk abin da ke sa ruwan ya yi ja yana wuce rariyar. Yashin da ke tsayawa ɗan kaɗan ne, wani lokaci bai fi ka ɗauka da yatsu uku ba. Sai dai a ledojin jan ƙyalle ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma ruwan da turumbar Kawu ke zubarwa da na ƙasa ya yi kama, ba da na sama ba. Na rubuta wannan a littafina na wuce, domin hankalina duk yana kan ƙarfe.

Da na sa yashin a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai na ga abokin gabar ido da ido. Akwai baƙaƙen ƙwayoyi da suka fito daga duwatsun aman wuta na Habasha, akwai kuma wasu garau kamar fasasshen gilashi, masu kaifin baki. Waɗannan su ne kwaz, dangin farin dutsen nan na ƙanƙara. A ma'aunin tauri da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, kwaz yana kan 7, daiman yana kan 10. Mu a ƙarfe ma'aunin Vickers muke amfani da shi: ana danna ɗan tsinin daiman mai kusurwa huɗu a jikin ƙarfe da nauyi sananne, a auna faɗin tabon da ya bari. Ƙarfen zubi na fankar Kawu ya tsaya a wajajen 200. Kwaz yana haura 1000. Ƙa'idar da aka sani kuwa ita ce, da zarar ƙwaro ya fi abin da yake gogawa tauri da kamar kashi ɗaya cikin biyar, to zai iya yankarsa. Wanda ya ninka shi sau biyar fa?

Jami'armu ba ta da injin gwada zaizayar yashi, don haka sai na ƙera. A nan na haɗu da Usta, wani makanike a unguwar masana'antu wanda ya shekara talatin yana gyaran turumba. Da ya ga fankar, kafin in gama bayani ya shiga cikin tarkacensa ya fito da wata ya jera su. Tasa ba sumul take ba, bayan fikafikanta kusa da mashigar ruwa ya yi ramuka rututu kamar gara ta ci itace.

"Ya Bashmuhandis, cuta biyu ce, kada ka haɗa su. Taka yashi ne ya lashe ta. Wannan kuwa ƙishirwa ce ta cije ta."

Abin da yake nufi na karanta shi a aji, amma ban taɓa riƙe shi a hannu ba. In ruwa ya ja baya da rani, turumba tana can saman gaɓa tana zuƙo daga nesa, matsin da ke bakinta yakan faɗi har ruwan ya tafasa ba tare da wuta ba. Kumfar tururin tana shiga tsakanin fikafikai sai ta fashe da ƙarfi, tana ɓantarar ƙarfe, kana jin ƙara kamar an zuba tsakuwa a ciki. Ko a lissafi iska ba ta iya tura ruwa sama fiye da mita 10 da ɗoriya, a aikace kuwa in ka wuce shida ko bakwai ka shiga matsala. Da Usta bai raba mini su ba, da na kwashi fankoki daga manoma na jingina wa yashi laifin da ba nasa ba.

Injin da muka haɗa mai sauƙi ne. Tsohon injin huda ƙarfe na tsaye, mai bel da fuli hawa-hawa don sauya gudu. Tukunya daga guntun bututu mai faɗi. Sanda a tsakiya mai hannaye, a ƙarshen kowane hannu a ɗaure ɗan yankin ƙarfe kamar girman akwatin ashana, ya riƙa zagayawa cikin ruwa da yashi. Lissafin gudun ba wuya: fanka mai faɗin santimita 20 da ke juyawa sau 1450 a minti, bakinta yana tafiyar kusan mita 15 a daƙiƙa, in an kai ta 2900 ya zama 30. Kusurwar da yashi zai doki ƙarfen ita ma dole a iya sauya ta, don haka muka sassaƙa 'yan matashai na ƙarfe masu gangare daban-daban. Usta bai san sunayen da muke kiran waɗannan abubuwa a aji ba, amma da na ce masa ta digiri 30 ita ce wadda tsayinta rabin tsawon gangarenta ne, in gangare santimita 4 ne tsayi ya zama 2, sai ya ce ai da tun farko haka na faɗa. Ya yanka, na auna, ba ta kauce ba.

Ƙarafa biyar na gwada da roba guda: ƙarfen zubi daga tsohuwar fanka, baƙin ƙarfe na gama-gari, wanda ba ya tsatsa, tagulla, da wani farin ƙarfen zubi mai yawan kuromiyam da muka samo daga tarkacen injin niƙa dutse. Wannan na ƙarshe ya ƙi yankuwa, ya cinye wa Usta wuƙaƙen injinsa biyu, sai da dutsen wasa muka rage shi. Robar kuwa manna ta muka yi a kan baƙin ƙarfe.

Wata na farko ya tafi a banza, kuma shi ne watan da na fi koyon aiki. Na auna ƙarafan, na juya su awa shida, na wanke na sake aunawa, sai na ga ƙarfen zubi da baƙin ƙarfe sun ƙara nauyi. Na maimaita, haka. Abin da aka saka don ya ragu ya fito ya fi da. Gwiwata ta yi sanyi ƙwarai, domin na riga na kashe kuɗin da Kawu da yayana suka haɗa mini, kuma kwanaki suna tafiya. Na kai wa Dakta takardar ina jiran faɗa. Ya duba ya ce, "Sikeli ba ya ƙarya. Abu biyu yake gaya maka: akwai abin da ke hawa kan ƙarfen, kuma babu abin da ke cinsa. Nemo su ɗaya bayan ɗaya."

Na farko na gano shi a madubi. Ƙarfen zubi cike yake da siraran zaren gawayi, in an goge shi za ka gan su kamar baƙin gashi a warwatse. Suna riƙe danshi. Ga tsatsa kuma, wadda ba komai ba ce illa ƙarfe da ya auri iskar oksijin, don haka nauyi take ƙarawa. Ni kuwa goge su kawai nake yi da tsumma in ɗora a sikeli. Na biyu Usta ne ya gano. Ya cire tukunyar ƙarfen ya sa bokitin roba mai nuna ciki, muka tayar da inji muka tsuguna muna kallo. Gani ya kori ji. Ruwan gaba ɗaya ya bi sandar yana zagayawa tare da ƙarafan, rami ya buɗe a tsakiya, yashin kuma ya kwanta a gindi abinsa. Wata guda ina wanke ƙarfe da ruwa. Muka walda faranti huɗu a tsaye a jikin tukunyar don su karya zagayen, muka ƙara ɗan fiffike a ƙarshen sanda mai tayar da yashi daga ƙasa. Da muka sake tayarwa, ƙarar kanta ta sauya, ta koma wani shuu mai kaushi, ka ji abu na cin abu.

Daga nan awo ya zama ibadata ta kullum. Sikelin yana cikin akwatin gilashi, yana gane kashi ɗaya cikin goma na miligiram, numfashinka ma yana motsa shi. In na fito da ƙarfe sai in wanke shi da burushi mai laushi, in tsoma a asiton, in busar a tanda, in sa shi cikin tukunyar gilashi mai shanye danshi har ya huce, domin ƙarfe mai ɗumi yana tayar da iska a cikin akwatin ya ɓata awo. Ba na taɓa shi da hannu, sai da hantsaki, don maiƙon yatsa ma nauyi ne. In kashe fankar ɗaki, in rufe taga, a zafin Kartum na watan Afrilu da ke haura digiri 40, gumi na bin bayana, in rufe ƙofar gilashin in jira lambobi su tsaya cak. Sau uku nake auna kowane yanki. Sannan in raba nauyin da ya ragu da nauyin jikin ƙarfen, tunda santimita guda mai kusurwa shida ta tagulla tana kusan giram 8.8, ta ƙarfen zubi kuwa wajen 7.2, kuma fanka ba nauyi take rasawa ya dame ta ba, kauri take rasawa. Wata matsalar kuma, yashin kansa yana gajiya. Bayan 'yan awoyi kaifinsa ya dakushe, ƙwayoyin sun zama mulmulallu, cin ya ragu. A bahar kuwa kowace daƙiƙa sabon yashi ne ke shigowa. Dole na riƙa zubarwa ina sa sabo kowace awa, abin da ya sa buhunan da Inna ta shanya suka ƙare, na sake komawa gida na ɗebo daga tudun yashin da cika ta bari. In an ɗauke wuta a tsakiyar gwaji sai in tsayar da agogo, in fito da ƙarafan nan take in busar, don kada su kwana a ruwa tsatsa ta shiga lissafi.

Sakamakon ya bi abin da Iain Finnie ya bayyana tun 1960. Ƙarafa masu laushi, irin baƙin ƙarfe da tagulla da wanda ba ya tsatsa, sun fi ciwuwa in yashi ya zo musu a karkace, wajajen digiri 20 zuwa 30, yana fiƙe su kamar yadda gizago ke fiƙe itace. Mai tauri da gautsi kuwa ya fi jin jiki in an doke shi kai tsaye. Wanda ba ya tsatsa, da manoma ke ɗauka sarkin ƙarafa ne saboda tsadarsa da ƙyallinsa, bai yi wani abin a zo a gani ba a gaban kwaz, domin rashin tsatsa daban, tauri daban. Robar ta jure sosai, yashi na dukanta yana tsalle, amma gam ɗin ya saki. Mai kuromiyam shi ya yi zarra da tazara mai yawa, saboda ƙwayoyin da ke cikinsa sun kai kwaz tauri ko sun fi.

Na je wa Dakta da murna, na ce an samu amsa. Ya tambaye ni ko akwai mai zuba irin wannan ƙarfe a girman fankar Kawu, kuma nawa za ta tsaya masa. Na yi shiru. Na san amsar: babu a kasuwar Sinnar, in ma an yi odarta daga waje kuɗinta ya fi ƙarfin mai fadan biyar na ayaba. A daidai lokacin, cikin 2018, ƙarancin jaz ya kama ƙasar, mutane suna kwana a layin gidan mai da jarkoki. Fankar da ta suɗe kuwa mai take sha ba ta ba da ruwa, domin tazarar da ke tsakaninta da gidanta ta buɗe, ruwan yana zillewa ya koma baya. Abin da manomi ke yi in ya ga ruwa ya ragu shi ne ya ƙara wa babur wuta ko ya sauya fuli. Nan ne abin ya fi ba ni tausayi, don zaizaya ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, tsere masa take yi. In ka ninka gudu sau biyu, cin ƙarfen yakan ninku sau biyar zuwa shida. Mutum yana neman ceton ayabarsa, yana kashe fankarsa da hannunsa bai sani ba.

Gwaji guda ya rage mini a jadawali, wanda na ɗauka na cike gurbi ne: in juya ƙarfen zubi a cikin lakar da ta wuce rariya ita kaɗai, sannan a cikin yashin da ya tsaya shi kaɗai, nauyi ɗaya, lokaci ɗaya. Lakar, duk da ta mai da ruwan kamar kunu, da ƙyar sikeli ya ga abin da ta ci. Yashin kuwa, a ruwan da kana iya hango gindin tukunya, ya yi ɓarna mai yawa. Dalilin a lissafin siffa yake. Ƙwaron da ya fi wani faɗi sau goma ya fi shi nauyi sau dubu. Ƙaramin yana bin ruwa duk inda ya lanƙwasa, ya kewaye fiffike ya wuce. Babban ba ya iya shan kwana, sai ya miƙe ya daki ƙarfe. A daren nan na buɗe littafina na baya na tarar da abin da na rubuta wata bakwai da suka wuce, cewa ruwan turumbar Kawu da na jan ƙyalle ya yi kama. Balaf ɗinsa, wato bakin tiyo mai rariya da ke hana ruwa komawa, a kwance yake a ƙasan bahar, a inda yashi ke birgima. Haka kowa ke yi a gaɓarmu, a ɗaura masa dutse a jefa.

Da jan ruwa ya iso a ƙarshen Yunin 2018 na koma gida da sababbin fankoki biyu iri ɗaya daga shago ɗaya, na auna kowacce na rubuta. Ɗaya muka sa wa Kawu, ɗaya wa maƙwabcinsa da ke da irin injinsa, wanda ya yarda ya bar nasa balaf a ƙasa yadda ya saba. Na Kawu muka rataye shi a ƙarƙashin gangar roba da aka toshe, muka ɗaure gangar da igiya biyu a turaku a gaɓa, don ta riƙa hawa da sauka tare da ruwa. Ranar farko na rataye shi kusa da fuska sosai. Muka ɗura wa turumba ruwa, tunda da ruwan ciki ake jan na rijiya, aka tayar, ta yi minti kaɗan sai wani ɗan rami mai juyawa ya buɗe a gefen gangar, ta zuƙi iska, ruwa ya yanke. Kawu bai ce komai ba, ya ɗauko bokiti muka sake ɗurawa. Sai a karo na uku muka dace, da balaf ya sauka kamu biyu ƙarƙashin ganga, kuma tsakaninsa da ƙasa akwai fiye da haka. Ƙaramin ɗan Kawu, wanda ke aji shida a lokacin, shi na ba littafi da agogo, yana rubuta lokacin da kowane babur ya tashi da lokacin da ya mutu. A tsakiyar Agusta wani kututture ya tsinka igiya guda cikin dare, ganga ta karkata zuwa gaɓa, sai da safe aka gyara. Yaron ya rubuta wannan ma, har da awa nawa aka yi a haka.

Bayan babbar Salla, da ruwa ya fara washewa, muka kwance su biyun a rumfar Kawu, maƙwabta sun kewaye mu. Ta maƙwabcin ta fara fitar da layukan nan na rairayi, bakinta ya yi kaifi. Ta Kawu fentin cikinta ya tafi, ta yi ƙyalli, amma kaurin bakin yana nan, kana jin sa da babban yatsa. Sikeli ya tabbatar da abin da yatsa ya ji, bayan na raba da awoyin da kowacce ta yi.

A watan Nuwamba na kare binciken. Malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya matsa mini a kan wannan babi. Ya ce turumba biyu a damina guda ba hujja ba ce, tunda ƙasan bahar a gaban gonakin biyu ba lalle ya zama ɗaya ba, kuma ko fankokin shago ɗaya sukan bambanta a zubi. Ya kamata a ce na musanya su a damina ta biyu, gangar ta koma wa maƙwabci. Gaskiya ya faɗa, na karɓa, aka sa ni na sassauta kalaman babin kafin a sa hannu. Bahar ɗin ma da na auna ba shi ne na yau ba, domin tun da Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta a Yulin 2020, kaso mai yawa na laka da yashi a can yake kwanciya, wanda duk zai maimaita aikin sai ya sake ɗibar kwalabensa daga farko.

Musanyar da malamin ya nema ba ta yiwu yadda ya so ba. Da na je gida na roƙi Kawu ya mayar da balaf ɗinsa ƙasa na damina guda don a kammala gwaji, sai ya girgiza kai.

"A'a, ɗana. Ka nemi wani ya jefa nasa. Nawa ya bar ƙasa ke nan."

Maƙwabcin kuwa ya riga ya sayo tasa gangar. Da yamma ya aiko jikansa da igiya, ya ce in ƙulla masa daidai inda balaf zai tsaya. Na auna kamu biyu na ƙulla, na ce wa yaron ya gaya wa kakansa ya duba zurfin wurin da gora tukuna, in bai kai kamu huɗu ba ya tura gangar gaba.